Tseren Dakar: Shekarun da Motoci Suka Yi Sukuwa a Tenere

Yau arewa za mu nausa, can bayan Agadas, inda kwalta take ƙarewa rairayi ya karɓi hanya.

A watan Janairun 1977 wani matashin Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a hamada, wajen iyakar Nijar da Libiya. Yana cikin wani tsere ne da aka taso daga Abidjan za a ƙare a birnin Nice na Faransa, shi kaɗai a kan babur ɗin Yamaha. Ya saki hanya, ruwa ya ƙare masa, ya yi kwana 3 babu wanda ya san inda yake, sai da wani ƙaramin jirgin sama da aka tura nema ya hango shi. Mafi yawan mutane in suka tsallake irin wannan rijiya da baya, ko sunan hamada ba za su so a sake ambata musu ba. Shi kuwa Sabine ya koma gida ne da niyyar ya kwaso ɗaruruwan mutane ya kai su wurin da ya kusa mutuwa, kuma su biya shi kuɗi a kan haka. Da ma can rairayi ba baƙonsa ba ne, domin tun 1975 yake shirya tseren babura a bakin tekun Le Touquet da ke arewacin Faransa, a kan yashi da tuddai.

Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro a Paris: motoci 80, babura 90, manyan motoci 12. Jirgin ruwa ya tsallakar da su zuwa Aljeriya, suka gangaro ta In Salah da Tamanrasset, suka shigo Nijar ta Assamaka, suka bi ta Arlit, Agadas, Tawa, Yamai, sannan Gao da Bamako a Mali, har Dakar ranar 14 ga Janairun 1979. Tafiyar kimanin kilomita 10,000 ke nan, kuma 74 kaɗai suka kai. Wanda ya zo na ɗaya wani yaro ne ɗan shekara 22, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500. Yawancin waɗanda suka shiga ba ƙwararru ba ne. Masu shaguna ne, da makanikai, da 'yan jarida, wasu da motar da suke zuwa aiki da ita. A wannan karon na farko ma aka yi rashi na farko, wani mai babur da ya faɗi a kusa da Agadas.

Kafin mu ci gaba da lissafin shekaru, bari mu tsaya a kan tudun rairayin kansa, domin wanda bai fahimci yadda jigawa take ba, ba zai gane abin da ya sa wannan tsere ya bambanta da duk wani tseren mota ba.

Tudun rairayi iska ce take gina shi, kuma fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska take bugawa yana hawa a hankali, rairayinsa a danne yake, taya tana samun abin kamawa. Ɗaya ɓangaren kuwa, inda rairayin yake zubowa bayan ya haye ƙololuwa, gangare ne mai tsini da yakan kai digiri 34, kuma laushi gare shi kamar garin tuwo. Direban da yake hawa ta fuskar farko ba ya ganin ta biyun. Abin da ke gabansa sama ce kawai. In ya taka totur da yawa, motar za ta yi tsalle ta wuce ƙololuwa ta faɗa da hanci a wancan gefen, nan ne ake karya kashin baya. In kuma ya saki totur da wuri, cikin motar zai zauna daram a kan ƙololuwar, tayoyi huɗu suna juyawa a iska, sai a fito da shebur. Tsakanin waɗannan kurakurai biyu akwai ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, kuma a rana guda direba zai yanke wannan shawara sau ɗaruruwa.

Sai batun taya. Kafin a shiga rairayi ana rage mata iska, wani lokaci har ƙasa da rabin abin da ake sa mata a kwalta, don ta baje ta yi faɗi kamar tafin raƙumi. In an rage da yawa kuma, tana iya zamewa daga kan ƙarfenta a kwana. Ana ɗaure wasu faifan ƙarfe masu huji a jikin mota, in ta kafe a tona a cusa su ƙarƙashin taya. Da sassafe rairayi yana da ɗan ƙarfi saboda sanyi da raɓar dare. Da rana ta take sai ya saki. Tsakar rana ma ta fi haɗari ta wata fuskar, domin inuwa tana ɓacewa, rami da tudu su zama launi ɗaya a ido. Akwai kuma wata ƙura mai laushi da direbobi ke kira fesh-fesh, wadda daga sama za ka rantse busasshiyar ƙasa ce, kana takawa ta haɗiye mota har ƙofa. Yawancin waɗannan dabaru sun girmi tseren. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya gwada su a hamadar Masar da Libiya da motocin Ford tun wajen 1930, kuma littafin da ya fitar a 1941 kan yadda iska ke tafiyar da rairayi har yau ana karanta shi. Kafin shi ma, motocin Citroën guda 5 masu sarƙa a baya sun ratsa Sahara daga Touggourt zuwa Tumbuktu tsakanin Disambar 1922 da Janairun 1923.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne, a shekarun farko babu na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna hanya. Sai a 1992 aka shigo da ita. Kamfas ne da taswira da wani littafin hanya mai zane-zane, wanda zai ce maka bayan kilomita kaza za ka ga dutse ko rijiya. In iska ta share sawun waɗanda suka gabace ka, kai da sa'arka. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata tare da direbarsa da bakanikensu a kudancin Aljeriya. Kwana 6 ana nema, mahaifinsa ya taso takanas daga Ingila, jiragen sojan Aljeriya suka yi ta shawagi har aka gan su. Wannan ɓatan ya yi wa tseren tallar da kuɗi ba za su saya ba. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Tamanrasset ba suka wayi gari suna neman ta a taswira.

A 1983 ne Sabine ya shigar da tseren cikin Tenere a karon farko, kuma nan ne labarin ya zama namu sosai. Kalmar tenere a harshen Abzinawa tana nufin hamada, fili fetal inda babu komai. Turawan talabijin sun so wannan ma'ana ƙwarai, suka yi ta maimaita ta: ƙasar da babu kowa, babu komai. Amma duk wanda ya taɓa ganin kantun gishiri a kasuwar Damagaram ko ta Kano ya san akwai hanya a Tenere, kuma tsohuwa ce. Ayarin gishiri yana tashi daga Abzin a kaka, ya ratsa ta Fachi zuwa Bilma, kimanin kilomita 600, ya kai gero ya ɗauko gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa. Turawan mulkin Faransa sun rubuta cewa ayarin 1906 ya kai raƙuma 20,000. Madugun da ke gaba ba shi da kamfas. Taurari ne, da inuwa, da yadda tuddan suka jera, domin iskar arewa maso gabas ta tsara su layi-layi, wanda ya san su yana karanta su kamar allo.

A tsakiyar wannan hanya akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tal, kusa da rijiya, wadda matafiya suka yi ƙarnuka suna zango a gindinta ba wanda ya taɓa sarar reshenta don hura wuta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930 an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Tenere, ita ya samu. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta, kuma wannan bishiyar ƙarfen ce 'yan tsere suka mayar alamar hanya shekaru 10 bayan haka.

Shigarsu ta farko ba ta zo da daɗi ba. Guguwar rairayi ta taso musu a tsakiyar Tenere, mutum 40 suka ɓata, wasu sun kauce hanya da nisan gaske. Sabine ya yi kwana 4 yana yawo a jirgi mai saukar ungulu yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, kuma duka aka same su da rai. Daga nan sunansa ya zama abin almara a Faransa. A shekarar ce kamfanin Yamaha ya fitar da babur mai suna Ténéré, wanda har yau ake sayar da jikokinsa. Daga baya Volkswagen ya sa wa motarsa Touareg. Ban taɓa jin an ce ko sisin kwabo daga cinikin waɗannan sunaye ya isa Bilma ba.

Amma kada a ce Agadas ba ta ci komai ba, domin ta ci. Tseren yakan yada zango a garin, sau da yawa har da ranar hutu. Jirage su cika filin sauka, masu gidaje su ba da haya su koma wajen 'yan uwa, maƙeran azurfa su sayar da abin da ba sa sayarwa a wata shida, masu walda da makanikai su kwana suna aiki, masu mai da masu gasa nama kowa ya samu rabonsa. Agadas gari ne da Hausa ce harshen kasuwarsa, don haka cinikin nan da Hausa da guntun Faransanci aka yi shi. Mutumin da ya fi kowa riƙe wannan igiya shi ne Mano Dayak, Ba'abzine ɗan yankin Abzin wanda ya yi karatu a waje, ya dawo ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet. Ya zama abokin Sabine, yaransa ne suke nuna hanya, su kai mai da ruwa inda aka ce a kai, su nemo wanda ya ɓata. Shi kansa ya shiga tseren. Hotunan da aka yi ta nunawa a Turai na jirgi mai saukar ungulu ne yana sauka kusa da mai babur da ya galabaita. Wanda ya duba sawu ya ce ta nan ya bi, ba kasafai kyamara take juyowa kansa ba.

Taken da Sabine ya yi wa tserensa yana cewa ƙalubale ne ga waɗanda suka tafi, mafarki ne ga waɗanda aka bari a gida. Waɗanda aka bari a gida, a nufinsa, su ne masu kallon talabijin a Faransa. Mutanen da motocin suke ratsa ƙauyukansu ba su cikin kashi na farko, ba su cikin na biyu. Kuma a tuna wane lokaci ne wannan. Farin 1984 ya karkashe dabbobi daga Muritaniya har Chadi, mutane suna sansanonin rabon abinci, ga motoci na miliyoyin kuɗi suna wucewa da gudu suna watsa musu ƙura. Masu suka sun yi yawa a Faransa kanta. Wani ɓangare na amsar da masu tseren suka bayar shi ne raba famfunan ruwa a ƙauyuka, kuma wannan aikin ne ya kawo shahararren mawaƙin Faransa Daniel Balavoine a 1986. Ranar 14 ga Janairun shekarar, da almuru, ana iska mai ƙura, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da shi da Sabine ya daki tudun rairayi kusa da Gourma-Rharous a Mali. Mutum 5 ne a ciki, ba wanda ya fita. Sabine yana da shekara 36. An ƙona gawarsa kamar yadda wasu Turawa suke yi, aka watsa tokar a gindin wata bishiya ta daban da ke arewacin Tenere, wadda yanzu ake kira da sunansa. Mahaifinsa Gilbert, likitan haƙori, ya karɓi ragamar.

Mutuwar mai abu ba ta rage wa abin kasuwa ba. Manyan kamfanoni sun riga sun shigo. Porsche ya ci a 1984 da 1986, Peugeot ya zo a 1987 da motocin da aka hana su tsere a Turai saboda ƙarfinsu ya yi yawa, ya ci shekara 4 a jere. A 1988 ababen hawa sama da 600 suka tashi daga Faransa, kuma shekarar ce ta fi kowacce muni. Kamfanin DAF na Holan ya kawo manyan motoci masu inji biyu-biyu. Akwai hoton bidiyo da har yau yake yawo, inda ɗaya daga cikinsu take wuce motar Peugeot ta Ari Vatanen a filin Tenere da gudun da ya kusa kilomita 200 a awa. 'Yar uwarta ta daki wani ɗan tudu tana irin wannan gudu, ta yi ta wuntsilawa, Kees van Loevezijn da ke cikinta ya mutu nan take, DAF ya janye. A Mali wata motar tsere ta kashe yarinya 'yar shekara 10 tana tsallaka hanya. A Muritaniya motar masu ɗaukar hoto ta kashe uwa da ɗiyarta. Jaridar fadar Paparoma ta kira tseren baje kolin dukiya da ƙarfi na rashin kunya a ƙasar da mutane ke mutuwa da yunwa da ƙishirwa. A wannan shekarar dai aka sace motar Vatanen a Bamako yana kan gaba. Kafin a gano ta lokaci ya ƙure, aka cire shi. Shekara ta gaba ya rama ta hanya mai ban dariya: shugaban tawagar Peugeot, Jean Todt, ya ga direbobinsa biyu, Vatanen da Jacky Ickx, za su halaka kansu wajen gasa da juna, sai ya jefa kwabon faran 10 sama a Gao, wanda ya faɗo wa shi zai ci. Ya faɗo wa Vatanen.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihin shi ne yadda aka adana shi. Duk ɗan tseren da ya mutu, za ka sami sunansa, da lambar motarsa, da ranar, da kilomita nawa ya yi daga zango. Mutanen gefen hanya kuwa lissafinsu a warwatse yake, a wani rahoto a ce yaro, a wani a ce wata mata, wani lokaci ko sunan ƙauyen babu. Har a 2006, bayan an sa dokar rage gudu a cikin gari, an kashe yara maza 2 a kwana biyu a jere, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal.

Abin da ya kori tseren daga Tenere ba suka ba ce, bindiga ce. A watan Mayun 1990 aka yi kashe-kashen Tchin-Tabaraden, tawayen Abzinawa ya ɓarke a Nijar da Mali. A 1991 aka harbe direban wata babbar motar tseren a arewacin Mali. Mano Dayak, mai kai Turawa kallon tuddai, ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawaye. Sanin hamadar da ya yi wa tsere amfani shi ne ya yi wa yaƙi. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da Nijar take hutu a kanta duk shekara. Shi kuwa ya mutu ranar 15 ga Disambar shekarar, jirgin da zai kai shi tattaunawa ya faɗi a duwatsun Abzin. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Tseren ya dawo a 1997, aka yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. A 2000 an shirya ratsa Nijar zuwa Alƙahira, amma da aka iso Yamai sai gwamnatin Faransa ta yi gargaɗin cewa 'yan bindiga daga Aljeriya suna jira a arewa. Aka yi hayar manyan jiragen Antonov, aka yi kwanaki ana kwasar motoci da babura ta sama zuwa Sabha a Libiya. Tenere ta ga wucewarsu ne daga ƙasa, kuma tun daga nan ba su sake komawa ba.

Sauran labarin gajere ne. Ranar 24 ga Disambar 2007 aka kashe Faransawa 4 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya. Ranar 4 ga Janairun 2008, ana gobe za a tashi daga Lisbon, aka soke tseren baki ɗaya. Daga 2009 zuwa 2019 aka koma Kudancin Amurka, ana hawa tuddan Ajantina da Chile da Peru. Daga 2020 Saudiyya ta karɓa, a 2025 ma ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, ya ci. Har yau sunansa Dakar, alamarsa kuma kan mutum ne da rawanin Abzinawa, ko da yake yawancin matasan da ke tuƙi a cikinsa ba su taɓa taka Senegal ko Nijar ba. Wasu tsofaffin 'yan tseren sun kafa wani ƙarami mai suna Africa Eco Race, wanda yake bi ta Maroko da Muritaniya ya ƙare a Dakar ɗin gaske.

Direbobin Agadas kuwa suna nan, da iliminsu na rage iskar taya da karanta ƙololuwar tudu. Da tsere ya tafi, tawaye na biyu a 2007 da satar Turawa suka kashe yawon buɗe ido, da yawansu suka koma ɗaukar matafiya masu neman zuwa Libiya da Aljeriya, mutum 25 ko fiye a bayan Hilux guda, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa kada ya faɗo. A 2015 Nijar ta yi dokar da ta haramta wannan sana'a, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da sojoji ke tsaro suna bin inda babu sawu. An soke dokar a Nuwambar 2023. A 2017 mutum 44, yawancinsu 'yan Gana da Najeriya, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Kafin wannan, a Oktobar 2013, motoci 2 sun lalace a arewacin Arlit, a yankin da ayarin Sabine na farko ya ratso a Janairun 1979. An tsinci gawa 92, daga ciki 52 yara ne, 33 mata, yawancinsu daga Kance a jihar Damagaram. Wasu an same su 'yan kilomitoci kaɗan daga iyakar Aljeriya, a warwatse cikin ƙananan rukunai, uwa da 'ya'yanta wuri guda.